Rakiyar da aka saya min a filin jirgin Santambul

Shekara 29 ina aikin jinya. Na ga jini, na ga fitar rai, na sha kwana tsaye a kan mara lafiya hannuna bai yi rawa ba. Amma ranar da ɗana ya turo min tikitin jirgi ta waya, ya ce, "Umma, ga shi nan, saura ki zo a miƙa min takardar a gabanki," sai da na nemi wuri na zauna. Bikin kammala digirinsa ne a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Ni kuwa ban taɓa tsallake iyakar ƙasa ba, ban taɓa taka matakalar jirgin sama ba. Tafiyar kuma ba ta kai tsaye ba ce. Jirgi zai sauke ni a Santambul, in yi zaman jira na awa biyar da 'yan mintuna, sannan in nemi wani jirgin da kaina, ni kaɗai, babu wanda na sani.

Tun saura sati uku barci ya ƙaurace wa idona. Da na zauna na tambayi kaina me nake tsoro, sai na tarar abin kashi biyu ne. Akwai tsoron sama, wanda kowa ya sani: ƙarfe ya ɗauke ka ya raba ka da ƙasa. Akwai kuma tsoron ƙasa, wanda ba a cika faɗa ba saboda kunya: in ɓata a cikin gini, in tsaya a layin da ba nawa ba, a yi sanarwa a lasifika in kasa ji, jirgi ya tashi ya bar ni ina riƙe da jaka. Ina jin Turanci, da shi nake rubuta rahoton aiki kullum, amma Turancin takarda daban, Turancin lasifika daga bakin mutumin wata nahiya daban. Wannan tsoron na biyu shi ya fi cin raina.

Shi ya sa yaron ya saya min abin da nake son yin magana a kansa. Wani sabis ne da ake yi a manyan filayen jiragen sama: ka biya, a turo ma'aikaci ya tare ka, ya raka ka har inda za ka. Iri uku suke sayarwa. Akwai rakiyar tashi, daga bakin gini zuwa ƙofar jirgi. Akwai rakiyar isowa, daga jirgi zuwa wajen masu tarba. Sai rakiyar canjin jirgi, ga wanda ya yada zango, wadda ita ya saya min, zuwa da dawowa. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinsu suna da yawa, kusan abu ɗaya suke yi, kuma akwai inda zan yaba akwai inda zan koka.

Bari in fara da kokawar, tunda da ita aka fara. Bayan an biya, sun turo imel mai ɗauke da sunana, lambar jirgi da ranar tafiya, suka ce ma'aikacinsu zai tarye ni "da isowa". Ke nan. A ina? A bakin jirgi ne, ko sai na yi tafiya? Namiji ne ko mace? Da me zan gane shi? Idan jirgina ya yi latti fa? Ɗana ya rubuta musu waɗannan tambayoyi, kwana uku shiru. Duk wanda ya san halin mai fargaba ya san shiru shi ne abin da ya fi azabtar da shi. Mutumin da ya sayi rakiya ai kwanciyar hankali ya saya, kuma tun daga ranar da ya biya yake bukatarta, ba sai ranar da ya sauka ba. Sai ana gobe tafiya saƙo ya shigo ta WhatsApp: mace ce, za ta tsaya a ƙarshen rumfar da ake bi in an fito daga jirgi, da allo mai sunana, ga lambar waya. Layi huɗu kacal. Da sun turo su tun farko, da na samu barcin sati biyu.

Abu na biyu da ya kamata mutum ya sani tun wuri: ba sa duba maka takardu. Na ɗauka za su tambayi ko komai ya cika, ba su tambaya ba, kuma da na karanta sharuɗɗansu na ga ba su yi alkawarin haka ba. Wannan aikin ni da ƙanwata muka yi shi a kan tabarma, da biro da takarda. Fasfo dole ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, haka Malesiya take bukata, haka ƙasashe da yawa. Sunan da ke kan tikiti dole ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Biza. Katin allurar shawara, wanda wannan kam fagena ne: ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya bari sai ana jibi tafiya ya makara, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara 10 kamar da ba. Sannan akwai fom na shiga Malesiya da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin isa, wanda ya zama dole tun farkon 2024. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki buga komai a takarda, waya tana iya mutuwa." Na buga, na sa a jaka ɗaya mai zif da na rataya a wuya.

Jirgin farko babu ruwan kamfanin rakiya da shi, amma dole in faɗi abin da ya faru, domin wanda zai saya ya san iyakar abin da ya saya. Da na zauna na ɗaura bel, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Wata ma'aikaciyar jirgi tana wucewa tana rufe akwatunan sama, na yi ta maza na ce mata wannan ne karona na farko, kuma ina jin tsoro. Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa daidai kujerata, ta ce abubuwa uku za su faru, in na san da su ba za su razana ni ba. Bayan an tashi zan ji ƙarar gungurum a ƙarƙashina, tayoyi ne ke shigewa ciki. Bayan kamar minti ɗaya ƙarar inji za ta ragu, in ji kamar jirgin ya tsaya ko yana nutsewa, alhali matuƙi ne ya rage wuta saboda ƙarfin da ake bukata a bar ƙasa ya fi wanda ake bukata a ci gaba da hawa. Sannan zan ji ƙugi daga fiffike, faifayen da aka zaro don tashi ne ke komawa mazauninsu. Duka ukun sun zo a jere kamar yadda ta lissafa. A na biyun cikina ya ɗuri ruwa duk da haka, na damƙe hannun kujera har farcena ya yi fari, amma wani sashe na zuciyata yana cewa: wannan shi ne na biyu, saura na uku. Na koma ga abin da nake koya wa marasa lafiya kafin a shiga da su tiyata, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi ta baki a hankali fiye da yadda aka ja. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane, sai ranar na san nauyin abin da nake nema daga gare su.

Kunne ya toshe, wannan na san dalilinsa. Jirgi yana tafiya ne a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, iskar cikinsa kuwa ana matse ta ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wannan bambancin ne kunne ke ji. Haɗiyar yawu da hamma suna buɗe shi. Gargada kuma, wato girgizar da iska ke sa jirgi ya yi, mun shiga cikinta da dare. Na zuba wa kofin ruwan da ke gabana ido, na ga ruwan yana rawa amma ko ɗigo bai zube ba, alhali a jikina ji nake kamar muna faɗawa rami. Wannan kofin ya taimake ni fiye da duk wata magana.

Muka sauka da asuba. Na bi mutane cikin rumfar, ƙafafuna kamar ba nawa ba. A ƙarshenta ga wata yarinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, sanye da kwat mai duhu, ta ɗaga allo mai sunana. Ban san na riƙe numfashi ba sai da na sake shi. Ta gaishe ni, ta tambayi yadda na kwana a hanya, ta miƙa hannu za ta karɓi jakar hannuna. Ta ce akwai ƙaramar mota mai batir da za ta kai mu, in na gaji. Ban san daga ina maganar ta fito min ba, na ce, "'Yata, ba na so ki kai ni kawai. So nake ki nuna min. Zan dawo ta nan, kuma ba na so in sake jin abin da na ji sati ukun nan." Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "To Mama, da ƙafa za mu tafi, ke ce a gaba."

Abin da ta yi daga nan shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ta tsayar da ni a ƙarƙashin allon farko, ta ce in karanta. Hanya biyu ce ta rabu: ɗaya ta masu fita gari, inda ake duba fasfo a ɗauki kaya, ɗaya ta masu canjin jirgi zuwa wata ƙasa. Yawancin mutanen jirginmu sun miƙe ta farkon, kuma wallahi da ni kaɗai ce su zan bi, don baƙo ko da idonsa makaho ne, inda ya ga taro nan yake nufa. Ta ce wanda ya bi ta can Turkiyya zai shiga, za a tambaye shi biza, ni kuwa muddin ina ɓangaren masu canjin jirgi ban shiga ƙasar ba, ba na bukatar komai sai fasfo da katin shiga jirgi na gaba. Na tambaye ta akwatina fa. Ta ce in ciro ɗan sitikan da aka manna min a bayan kati lokacin da aka auna kayana. Ta sa yatsa a kan haruffa uku: KUL. Ta ce kowane filin jirgi yana da haruffansa uku, nan IST ne, can KUL, tunda KUL aka rubuta kuma tikitina ɗaya ne, akwatin zai bi ni da kansa, ba zan gan shi ba sai can. Ta ce kada in yar da sitikan, shi ne shaidata in kaya ya ɓata. Ta ƙara min da wani abu da ban taɓa ji ba: Santambul filin jirgi biyu gare ta, wannan da aka buɗe a 2018 a ɓangaren Turai, da Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya mai haruffa SAW, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa ta ratsa gari. Mai sayen tikiti ya duba ya ga inda zai sauka nan ne inda zai tashi.

Sai wajen bincike. Na ɗauka tunda an bincike ni kafin in hau jirgin farko shi ke nan, ashe ana sakewa. Akwai layi na musamman da masu rakiya ke bi, gajere, muka bi shi, amma kafin mu kai ta tsaya ta nuna min dogon layin, ta ce abin da ake yi a can shi ake yi a nan, bambancin jira ne kawai. Ta sa na cire agogo, na fito da waya, na zuba a tire da hannuna. Robar ruwan da na ɓoye daga jirgi ta ce in shanye ko in zubar, domin tun 2006 ba a wucewa da abu mai ruwa a mazubin da ya fi mililita 100, ko da rabinsa ne a ciki. Girman mazubin ake dubawa. Ta ce wasu filayen sun fara sassautawa saboda sabbin na'urori, amma matafiyi ya ɗauka dokar tana nan. Ta tambaye ni ina fawa bankin cajin wayata, na ce yana jakar hannu, ta ce daidai, irin wannan batirin ba a sa shi a akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi, saboda in ya kama wuta a can babu mai gani. Ƙofar da ke gano ƙarfe a jikin mutum ta yi ƙara da na wuce, gabana ya faɗi, na tsaya cak. Wata jami'a ta yafito ni, ta shafa jikina sama-sama, ta ce in wuce. Awarwaro ne na manta a hannu. Yarinyar tana tsaye a ɗaya gefen tana jirana, ba ta yi gaggawar shiga tsakani ba, kuma na gode mata da hakan.

Daga nan muka fito cikin babban zauren. Ginin ya kai murabba'in mita miliyan 1.4, yana cikin mafi girma a duniya a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ido yana shaida haka. Shaguna, fitilu, mutane kala-kala kowa yana jan jaka. Ta kai ni gaban babban allon tashin jirage, ta ce, "Mama, nemo jirginki." Na fara neman sunan Kuala Lumpur. Ta ce a'a, da lamba ake nema, domin gari ɗaya yana iya samun jirgi fiye da ɗaya, kuma jirgi ɗaya yana iya ɗaukar lambobin kamfanoni biyu ko uku suna juyawa a allon. Na duba katina, na nemo lambar, na same ta. Gurbin ƙofa babu komai. Kafin in firgita ta ce haka ake yi, ba a sa lambar ƙofa sai lokaci ya matso. Ta sa na gyara agogona zuwa lokacin Santambul nan take, ta ce duk lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da ake ciki ne, ba na gida ba, kuma in na isa Malesiya in ƙara awa 5 a kan wannan. Sannan ta nuna min lokaci biyu a katina, na fara shiga jirgi da na tashi. Ta ce na farkon ne nawa. Yawancin kamfanoni suna rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi, wanda ya zo a kan lokacin tashi zai tarar da jirgi a tsaye amma ba zai shiga ba.

Duk wannan bai fi minti arba'in ba. Ban taɓa ganin minti arba'in da suka sauke min nauyi irin wannan ba. Ta nuna min banɗaki, ta nuna min inda ake cika robar ruwa, ta haɗa min waya da intanet na filin jirgin na kira ɗana. Da ya ji muryata ya ce, "Umma, kamar ba ke ba." Da lambar ƙofa ta fito, ta bar ni na karanta alamun da kaina har muka isa, tafiyar kusan minti ashirin, wani wurin a kan daɓen nan mai tafiya da kansa, wanda sai da ta riƙe min gwiwar hannu a hawan farko.

A nan ne matsala ta biyu ta fito. Muna isa ta ce lokacinta ya cika, tana da wani fasinja. Ashe rakiyar tana da iyakar awoyi, wanda ya wuce sai an ƙara biya, kuma an rubuta hakan ne a can ƙasan sharuɗɗa da ƙananan haruffa. Ni na ɗauka sai ta ga shigata jirgi. Laifin ba nata ba ne, ta ba ni haƙuri har sau biyu, amma kamfanin ya san tsawon zangona tun ranar da aka ba shi lambobin jiragen. Ya kamata a ce tun a lokacin sun faɗa ƙarara: rakiyarki za ta ƙare kafin jirginki ya fara lodi, kina so a ƙara?

Ta tafi. Na zauna ina kallon ƙofa. Bayan kamar rabin awa aka yi sanarwa, ban kama ko kalma ɗaya ba sai sunan garin da za ni. Na ga mutanen kusa da ni suna miƙewa suna jan jakunkuna, ba wajen ƙofar ba, baya suke komawa. Ga abin da na yi sati uku ina mafarkinsa ya zo. Zuciyata ta buga, bakina ya bushe. Na tashi, ban bi kowa ba, na nufi allo mafi kusa. Na ciro kati, na nemo lamba. Ƙofa ta canza, harafin ɗaya ne, lambar ce ta sauya. Na ɗaga kai na nemi alamar, na bi kibiya, na isa, na nuna wa ma'aikacin da ke wurin katina na ce nan ne? Ya ce nan ne. Na samu kujera na zauna, sai hawaye. Ba na tsoro ba ne.

Jirgi na biyu ya fi awa 10 a sama, na yi barci a cikinsa har sau biyu. A Kuala Lumpur ba a saya min rakiya ba, kuma ban bukace ta ba. Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, kwana nawa zan yi, ina zan sauka. Na miƙa masa takardar gayyatar bikin, tikitin komawa da adireshin da na buga. Ya ɗauki hoton yatsuna, ya ba ni fasfona. Akwatina ya zagayo a kan bel, na gwada lambarsa da ta sitikana kafin in ɗauka.

A dawowa ne na ga ɗaya fuskar wannan sabis. Na fito daga rumfa, babu allo, babu kowa. Na tsaya a gefe har jirgin ya watse, masu shara suka shiga. Na kira lambar, ba a ɗauka ba. Sai bayan minti ashirin da biyar wani saurayi ya iso yana haki, ya ce an tura shi wata ƙofa ne. Wannan ana iya yafewa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne abin da ya biyo baya. Ya karɓi fasfona da katina ya riƙe a hannunsa, ya yi gaba yana magana a waya, ina binsa a baya kamar kayan da aka ba shi ya isar. Sau biyu ya ɓace min a cikin mutane, da fasfona. Da na cim masa na ce, "Ɗana, ba ni takarduna, in an tambaya ni zan miƙa." Ya ba ni, bai ce komai ba. Shawarata ga kowa ke nan, da rakiya ko babu: fasfo ba ya barin hannun mai shi sai zuwa hannun jami'in da ke bayan kanta. Ya ratsa da ni bincike cikin minti biyar, ya ajiye ni a wani wurin zama, ya ce ƙofa za ta fito a allo, ya tafi. Aikin da aka biya ya yi shi, ba zan ce bai yi ba. Amma na yi ta tunanin da shi na samu a zuwa. Da na isa ƙofar farko lafiya, ban san ta yaya ba, kuma da aka canza ta da ban san inda zan dosa ba.

Na rubuta wa kamfanin duka biyun, yabon yarinyar da ƙorafin saurayin. Sun amsa bayan kwana biyu da ban haƙuri irin wanda ake tura wa kowa, ba su ce komai a kan batun fasfo ba, ba su kuma ce za su isar mata da yabon ba, abin da ya fi damuna ke nan. Abin da na fahimta shi ne kamfanin sauri yake sayarwa, gajeren layi da ƙaramar mota, domin yawancin masu saye 'yan kasuwa ne da suka saba hanya, lokaci suke tattali. Mai tafiyar farko ba sauri yake nema ba. Abin da na samu a zuwa halin yarinyar ne da kuma roƙon da na yi, ba tsarin kamfani ba ne, kuma babu tabbacin wani zai dace da irinta.

To, ya cancanci a saya? Ga wanda zai canza jirgi a babban fili a tafiyarsa ta farko, shi kaɗai, musamman in zangon gajere ne ko harshe zai ba shi wahala, na ce e, sau ɗaya, a zuwa. Na dawowa da na sani da ban bari an saya ba. Rakiyar tashi ban ga amfaninta sosai ba ga wanda ya isa awa uku kafin lokaci, tunda ma'aikatan kamfanin jirgi suna nan kuma matambayi ba ya ɓata. Wanda tsoronsa na sama ne zalla, wannan sabis ba zai yi masa komai ba, a bakin ƙofa yake ƙarewa. Shi abin da zai taimake shi ya faɗa wa ma'aikatan jirgi gaskiya tun kafin a tashi, ya nemi kujera ta gefen hanya a daidai fiffike inda gargada ta fi sauƙi, ya kuma san cewa jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya ci gaba da tashi ya kuma sauka da inji ɗaya. Ni har a dawowa sai da na damƙe hannun kujera lokacin da ƙarar inji ta ragu. Na dai sake shi da wuri fiye da na farko.

Akwai kuma waɗanda ake sayar wa wannan alhali haƙƙinsu ne kyauta. Tsoho, mai ciwon ƙafa, mai larurar da ke hana doguwar tafiya, kamfanin jirgi ne da kansa ke ba shi keken guragu da mai tura shi, daga jirgi zuwa jirgi, ba a biyan komai, sai dai a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tafiya. Na ga ana yi a gabana a duka filayen.

Ƙanwata ce za ta yi tata tafiyar ta farko bayan wata biyu, ita ma da zango a hanya, kuma gwiwarta tana damunta. Na ce ta fara kiran kamfanin jirginta ta nemi keke. In ta ga za ta iya takawa kuma tana son rakiya, kada ta biya sai sun ba ta amsa a rubuce: a daidai ina za a tsaya mata, awa nawa rakiyar za ta ɗauka, me zai faru in jirginta ya yi latti, kuma wace lamba ce za a ɗauka da tsakar dare. Ta ce, "Yaya, in sun ƙi amsawa fa?" Na ce ta nemi wani kamfanin. Jiya da yamma ta zo da tikitinta, na ciro tsohon katina na shiga jirgi da sitikan akwatin, har yanzu suna cikin jakar nan mai zif, muka shimfiɗa su kusa da nata, na sa ta nemo min lambar jirginta da haruffa ukun garin da za ta.